Saurar da Baffa Ya Ara Mana

Wata Asabar da hantsi ina zaune a falo a gidana na Dutse, ina fama da wata tsohuwar fanka da ta ƙi juyawa, sai na ji ƙarar usur daga talabijin, ihun jama'a na biye da ita. Babban ɗana ne yake ta canza tasha har ya faɗa kan wani wasan ƙwallo na mutanen Ostireliya. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ƙwallon kamar gwanda, a cafe ta da hannu, a kuma buga ta da ƙafa, sanduna huɗu a tsaye a kowane gefe, babu raga. Amma ba wannan ne ya sa na ajiye abin da nake yi ba. Filin ne. Ba shi da kusurwa ko ɗaya, ya zagayo kamar ƙwai.

Yaron ya duba wayarsa, ya ce wai su filayensu ba girmansu ɗaya ba. Wani dogo ne siriri, wani gajere ne mai faɗi, kowane gari da irin nasa, kuma a haka suke buga gasarsu, ba wanda ya ce sai an daidaita. Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan wane irin wasa ne da ba awo?"

Na tashi na fita tsakar gida kamar zan yi alwala. Kai da kake karanta wannan, kai zan ba amsar da na kasa ba ɗana, don ya fi min sauƙi in faɗa wa wanda ba zai kalli idona ba.

An haife ni a wani ƙauye da ke kan hanyar Jahun. Ba zan faɗi sunansa ba, akwai waɗanda har yanzu suke raye. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, mahaifiyata ta koma garinsu, sai Baffa, yayan mahaifina, ya riƙe ni. Shi da matarsa, wadda muke kira Inna, 'ya'ya mata uku Allah ya bar musu, mazan duk sun koma tun suna goye. Ni ne namijin gidan. Ban taɓa jin an ce da ni maraya a gidan nan ba. Baffa dogo ne, ba ya son yawan magana, tafin hannunsa duk faso, kullum da ɗan gatari a kafaɗa ko da masallaci za shi. Bai san ƙwallo ba, bai kuma damu ya sani ba. A wurinsa wahala ce yara suka ɗora wa kansu, su yi ta bin tsumma a rana.

A lokacin ba mu da wurin wasa. Muka gwada filin idi, liman ya kore mu. Muka koma bakin rijiya, ƙwallo ta fasa wa wata tsohuwa tulu, aka bi mu gida gida da bulala. Ina da shekara kamar goma sha ɗaya sa'ad da Baffa ya ga shatar bulalar a bayana. Sai bayan kwana biyu, da la'asar, a farkon kaka, ya ce in biyo shi. Muka fita bayan gari mu biyu, har wata gonarsa da ya daina nomawa, ta zama saura. Ya tsaya ya nuna ta da ƙotar gatari.

"Ƙasar nan ta gaji," in ji shi. "Ku tattaka ta, ku yi wasanku, ku bar wa mutane tulunansu. Aro na ba ku. Ranar da ta huta zan karɓi abata. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Babu kowa a wurin sai ni da shi.

Bari in kwatanta maka saurar nan, don ba za ka ƙara ganin irinta ba. Ta arewa burtali ne, hanyar shanu, ya lanƙwaso kamar baka. Ta kudu kududdufi ne, shi ma bakinsa ya lanƙwasa. Ta yamma gonar geron Baffa ce wadda yake nomawa. Ta gabas kuwa wata katuwar ɗorawa ce, ta Inna, wadda ta tarar a wurin tun tana amarya. Saboda haka filin ya buɗe ciki a tsakiya, ya tsuke a kai da gindi. Muka cire tushiyoyi, muka share tsidau da tsintsiyar kaba, muka kafa itace biyu a kowane gefe muka ɗaura igiya a sama. Shi ke nan, mun yi fili.

Kuma ko a cikin shekara ɗaya ba girmansa ɗaya ba. Da damina kududdufi yakan cika ya cinye mana gefe guda, gero ya tashi ya zama bango a yamma, filin ya matse har ka ji numfashin wanda yake binka. In ƙwallo ta faɗa gero, dokar Baffa ita ce mutum ɗaya zai shiga, ya bi kwarin kunya, kada ya karya ko kara ɗaya. Da an yi girbi sai filin ya miƙe ƙafa. Shanun makiyaya su zo su ci kara su bar mana kashi, mu kwashe da safe mu watsa a gonar Baffa, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Da rani yashi yakan yi zafi har sai ka riƙa ɗaga ƙafa kamar kaza, a nan ne ake faɗa kan wanda zai tsare gidan gabas, don shi kaɗai ke cikin inuwa. Da bazara ɗorawa ta nuna. Inna da 'yan matanta su fito da doguwar ƙugiya suna zazzagowa, mu tsayar da wasa mu taya su tsince, kowa bakinsa ya yi rawaya da gari. Bayan nan gidanmu ya ɗauki warin kalwa, 'ya'yan ɗorawar, ana dafawa don yin daddawa, wari mai shiga tufafi ya kwana uku. Da daddawar nan Inna take yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki kaɗan kaɗan, da ita ake miyar gidanmu shekara ta zagayo.

Da muka ɗan tasa muka fara zuwa wasa ƙauyukan kusa, a ƙafa, wani lokaci a amalanke. A nan na gane kowa da irin nasa filin. Akwai wani gari da nasu siriri ne kamar lungu, in ka yi jifa daga wannan gefe sai ta fita ta wancan. Akwai waɗanda suke wasa a busasshiyar fadama ta wajen Buji, fili ba iyaka, ƙasa ta tsattsage, kafin a je hutu harshenka ya fito. Akwai masu gangare, in kana buga sama kamar kana tura jaki, in an juya kuwa ƙwallo da kanta take tafiya. Ba wanda ya taɓa cewa ba zai buga ba don filin bai yi ba. Baƙo yakan karɓi fili yadda ya same shi, ya sha kashi ya tafi, ya jira ranar da za ka je nasa.

Mu kuwa a namu ba a cin mu. Baƙi su kwaso ƙwallo su nufi kwana, su tarar babu kwana, sai dai su ji ta tsundum a kududdufi. Mun san inda yashi yake da zurfi, mun san inda saiwar ɗorawa ta fito take sa ƙwallo ta yi tsalle ta ruɗe mai tsaron gida. Mu duk ta tsakiya muke bi, gajeren bugu, daga ƙafa zuwa ƙafa, don haka filin ya koya mana. Shekara biyar muka yi a haka. Wani lokaci in na ɗaga kai sai in hango Baffa a bakin gonarsa, ya dogara da fartanya yana kallo. Da mun haɗa ido sai ya sunkuya ya ci gaba da aiki.

Ina da shekara goma sha shida, ni ne kyaftin, aka kawo wa makarantar garinmu sabon malamin wasanni. Saurayi ne ɗan birni, mai fara'a, shi ya fara kawo mana ƙwallon fata. Mun so shi ƙwarai, kuma har yau ban ce mugun mutum ba ne. Shi ya zo mana da labarin cewa wani mai hali ya sa kofi, za a yi gasa tsakanin ƙauyukan yankin bayan kaka. Wanda ya ci zai sami riguna da takalma, kuma an ce masu neman 'yan wasa za su zo daga Dutse su duba. Ya dafa kafaɗata ya ce ni kam in suka gan ni, na bar ƙauye ke nan. Na kwana biyu ina jin maganar nan tana yi min yawo a ka.

Sai aka aiko mutum biyu a kan babur su duba filaye. Suka sauka, suka zagaya namu, ɗayan ya riƙe ciki yana dariya. "Wannan fili ne ko faifai?" in ji shi. Suka ce doka ce, sai fili mai kusurwa huɗu, tsawo kaza, faɗi kaza, in ba haka ba duk wasanninmu a waje za mu buga. Suka fito da tef ɗin awo. Ni na riƙe bakinsa, ni na ja shi. Na ja har na wuce ɗorawar Inna, ta faɗo tsakiyar gidan mai tsaron raga. Na koma yamma na ja, na shiga gonar geron Baffa taku ashirin da wani abu kafin mutumin ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Aka kafa turaku a nan.

Malam da manyan samari suka je wurin Baffa, suka durƙusa suka gaishe shi, suka yi bayani. Ya saurare su har suka gama.

"Abin da na ba ku yana nan," ya ce. "Ban rage ba, ba kuma zan ƙara ba. Itacen ba nawa ba ne ma balle in bayar. Kuma tunda kun zo, gara ku sani, ƙasar ta huta. Baɗi in Allah ya kai mu zan sa mata gyaɗa. Sai ku fara neman wani wuri."

Gari ya ɗauka. Samari suka ce tsoho ya hana ci gaba. Waɗansu dattawa da suke da tsohuwar jiƙaƙƙiya da shi kan iyakar gona suka sami abin faɗa. Dagaci kuma yana son a ce mai kofin nan ya taka garinsa. Aka sa rana za a zauna a ƙofar gidan dagaci.

Ana gobe za a zauna malam ya same ni a bayan aji. Ya tambaye ni wa ya ji lokacin da Baffa ya ba da filin. Na ce ni kaɗai. Sai ya ce in duba, shekara biyar muna wasa a wurin, mu muka share, mu muka gyara, ai ko a wurin Allah ya zama namu. Ya ce kalma ɗaya ce tsakanin aro da kyauta, tsoho kuma ba zai rasa inda zai yi noma ba, amma ni wannan damar in ta wuce ba za ta dawo ba. Bai ce in yi ƙarya ba. Ya ce dai in yi tunani. Ina so ka san wannan, don kada ka ɗauke laifin daga kaina ka ɗora masa. Na sha gwada yin haka da kaina, bai zauna ba.

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Dagaci a kan buzu, dattawa a gefe, samari a tsaye a baya. Shugaban samari ya ce Baffa kyauta ya ba da filin ga yaran gari, yanzu kuma yana so ya janye. Dagaci ya juya ya tambayi Baffa. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce aro ne. Aka ce wa ya shaida.

Ba malam ne ya kira ni ba, ba kuma samari ba. Baffa ne da kansa ya waiwayo ya neme ni a cikin taro, fuskarsa a sake, kamar wanda aka tambaya abu mai sauƙi.

"Ga ɗana nan," ya ce. "Shi na gaya wa. Ku tambaye shi."

Na fito na durƙusa. Ina jin idon abokaina a bayana. Ina kallon saƙar tabarma, har yau zan iya zana maka ita, ja da kore, da wani wuri da ta fara zarewa. Dagaci ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah. Aro ya ce ko kyauta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kyauta ya ce."

Samari suka yi sowa, aka tsawatar musu. Ban ɗaga kai ba, amma na ga ƙafafun Baffa. Ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya jawo takalmansa ya sa, ɗaya bayan ɗaya.

"To," ya ce. "Ɗana ya faɗa."

Bai rantse ba, bai ce a kawo Alƙur'ani ba, ko da yake da ya nema da an kawo, da kuma ban iya dafawa ba. Na daɗe kafin na gane dalilinsa. Bai so a ce ɗan ƙaninsa ya tsaya a gaban gari an kama shi da ƙarya. Ya zaɓi a ce shi ne tsohon da ya ba da kyauta ya dawo yana musu.

Aka rubuta takarda. Fili ya zama na jama'ar gari, har da abin da tef ya ci na gonar gero. Aka ce za a musanya wa Baffa da wani yanki a can cikin jigawa, tafiyar kusan awa ɗaya. Ɗorawa kuma tunda ta faɗo cikin fili, a sare, Inna ta ɗauki itacen.

Da magariba na daɗe a waje kafin na iya shiga gida. Na shirya wa duka, har ina fatan a yi. Sai na tarar da kwanona a inda yake kullum, a rufe da faifai. Tuwon gero da miyar kuka, daddawa ta ji. Inna ta ce, "Ka ci kada ya huce." Baffa yana kan buzunsa yana jan carbi. Yaya ce kaɗai, babbar 'yarsa, ta dube ni, ta ɗauke kwanonta ta koma ɗaki. Ta yi shekara ba ta yi min magana ba sai ta dole.

Lokacin da aka zo saran ɗorawar tana cikin fure. Jajayen furanninta sun rataya ko'ina, ƙudan zuma na ta kuka a kai. Kwana biyu ana sara, don itacen ya tsufa ya yi tauri, kuma daga tsakar gidanmu ana jin kowane gatari. Inna ba ta fita ba. Tana tankaɗe a gindin turmi lokacin da itacen ya faɗi, ƙasa ta amsa har cikin gida. Ta tsaya da rariya a hannu. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da sun bari ta nuna tukuna." Daga shekarar nan ta fara sayen daddawa a kasuwa, ƙulli ƙulli, kamar baƙuwa.

Muka tone kututture, muka cike bakin kududdufi da ƙasa, muka ja layi da toka. Fili ya fito kusurwa huɗu cif, abin sha'awa. Ranar wasan farko gari duka ya fito. Waɗanda muka kara da su yaran cikin gari ne, sun saba da irin wannan fili a makarantarsu. Mu kuwa mun zama baƙi a gidanmu. Suka riƙa buɗewa ta gefe, suna shiga kwanar da ba mu taɓa tsarewa ba, suna kwaso ƙwallo daga can su jefo ta kanmu. Mu muka cunkushe a tsakiya kamar yadda muka saba, muna neman juna da gajeren bugu, tazarar ta yi mana yawa. Kafin hutu ƙirjina kamar zai tsage. Mai tsaron gidanmu, wanda ya saba da inuwa, rana ta kashe masa ido. Uku suka ci mu ba ko ɗaya. Wasa na biyu ma aka ci mu, aka fitar da mu. Mai kofi bai zo garinmu ba. Masu neman 'yan wasa ban taɓa ganin ko ƙeyarsu ba. Shekarar da ta biyo ba a sake gasar ba, malam kuma aka yi masa canjin makaranta.

Filin ya yi wa yaran gari yawa. Suka koma wasa a rabi, sauran ya yi ciyawa. Baffa yana wucewa ta gefensa kowace safiya ta damina da fartanya a kafaɗa, ya nufi jigawar da aka ba shi, ƙasar da ko taki ka zuba sai ta shanye ta ba ka ɗan abin da ba ya kai wa rani. Bai taɓa juya kai ya kalli filin ba.

Kada ka ɗauka ya canza min fuska. Da na ci jarrabawa, shi ya ɗaura akwatina a bayan kekensa ya tura har tasha. Shi ya nema min aure, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Abu ɗaya ne kawai ya canza, kuma na fi shekara biyu ban lura ba. Duk lokacin da zai gaya min magana mai nauyi, ko saƙo ne zai ba ni in kai, ko wani abu na iyali, sai ya aika a kira maƙwabcinmu ya zo ya zauna. Ba ya cewa don me. Sai a gaisa, maƙwabci ya zauna a gefe, sannan Baffa ya fara. Har ya bar duniya bai sake gaya min wata magana mu biyu kaɗai ba.

Ina aiki a Dutse aka kawo kwalta ta bi ta bayan garinmu. Abin da aka ce na jama'a ne, sai ya zama ba na kowa ba. Aka fara da yanka wa wani shago a kusurwa, wai na ɗan lokaci. Sai injin niƙa. Sai aka wayi gari an kafa duwatsu, an yanka fulotai. Waɗanda suka samu ba su ne suka share tsidau ba, kuma ko taku ɗaya bai koma hannun Baffa ba.

Da ciwonsa ya yi tsanani na je na same shi a ɗaki, ya rame har gatarin da ke jingine a bango ya fi ƙarfinsa. Na yi niyya tun daga mota. Na zauna a bakin gado na ce, "Baffa, maganar saurar nan." Ya buɗe ido ya dube ni, ya dubi ƙofa, babu kowa. Sai ya ce, "Ka ci abinci kuwa?" Na ce na ci. Ya mai da ido ya rufe. Da na ƙara kalma huɗu da na gama, amma na karɓi hanyar da ya buɗe min na fice. A daminar nan ya rasu. Inna ta bi shi bayan shekara biyu.

Bara mijin Yaya ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya biyar. Jigawar nan da aka raba gado, har ni aka ba kaso. Na bar musu nawa, amma ko an haɗa duka ba ta ciyar da gida ɗaya. Na ga babban ɗanta yana zuwa ƙwadago gonar wasu, yana bi ta gaban shagunan da aka gina a kan ƙasar kakansa. Sai na ce lokaci ya yi. Na nemi dagacin yanzu, ɗan wancan ne, na roƙa ya tara dattawa. Na sa Yaya ta zo ta zauna daga zaure inda za ta ji. Na cire hula, na durƙusa a gaban mutanen da waɗansunsu na girme su, na ce shaidar da na bayar shekarun baya ƙarya ce. Aro Baffa ya ce. Na ji da kunnena, na kuma canza da bakina.

Na ɗauka za a yi salati, ko a zage ni. Wani ya ce Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Wani ya ce ai yarinta ce, wa bai yi ba. Dagaci ya yi min magana da ladabi, yana kira na Alhaji. Ya ce ya yaba, ba kowa zai iya ba. Amma duk waɗanda suka zauna a ranar sun rasu, takarda tana nan, mutane sun yi gini sun haifi 'ya'ya a wurin, waɗansu ma hannu na uku ne. Me za a yi yanzu? Aka kawo min ruwa mai sanyi, aka yi addu'a, aka tashi. Wani tsohon abokin wasana har ya raka ni yana tuna min ƙwallon da na ci a fadama.

A hanyar gida Yaya tana gaba ina biye. Sai da muka kai ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Ka faɗa dai," ta ce. "Ka ji sauƙi?"

Na ce a'a.

"To," ta ce, ta shige.

Yanzu in na je garin nakan ga yara suna buga ƙwallo a gefen kwalta, su dakata in mota ta taho, su ci gaba in ta wuce. Ba wanda zai ara musu ko taku goma. Kowa ya kewaye nasa da bulo, kowa da takardarsa a ƙarƙashin katifa, kuma in ka tambaya sai a ce zamani ne ya lalace, amana ta ƙare. Nakan gyaɗa kai tare da su. A ofis ana cewa ni mutum ne mai gaskiya, har akan kira ni shaida in za a yi ciniki ko a ɗaura aure, in sa babbar riga in je. Da nake yaro na faɗi ƙarya sau ɗaya, gari duka ya karɓa a take, aka rubuta, aka sa hannu. Da furfurata na faɗi gaskiya a garin nan dai, aka ba ni ruwa na sha.